Cigiyar Baba Gimba a Tsohuwar Mita

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi in na ƙara masa gishiri ko ƙwaya ɗaya Allah Ya tambaye ni ranar gobe. Wanda zai yarda ya yarda, wanda kuma zai ce gajiya ce ta taɓa min kai, to ba shi ya fara ba, masu digiri sun riga shi faɗa.

Shekarun baya na yi aiki a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a Gwarinpa, can saman wani bene mai shaguna, ƙasanmu mai sayar da tayil, gefenmu masu gyaran gashi. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don har gobe yana nan yana damun bayin Allah da kiɗa. Tashar ta sha sauya kama tun kafin zuwana. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne ya kafa ta bayan ya yi ritaya, ya fara da labaran Turanci da tsofaffin waƙoƙin da shi da matarsa kaɗai ke saurare, da abin ya ƙi ci sai ya buɗe ƙofa ga masu wa'azi, malam ya sauka fasto ya hau, a tsakaninsu a saka mai maganin basir. Sai daga baya aka gane cewa masu manna rediyo a kunne a Abuja ba masu manyan motoci ba ne, masu gadi ne, da 'yan ga-ruwa, da leburorin gini, da manoman ƙauyukan da birni ke cinye wa gonaki, shi ne aka koma shirye-shiryen Hausa da na Gbagyi, kuma a lokacin aka ɗauke ni. Amma duk wannan juye-juyen, mitar da ake kama mu ba ta taɓa motsawa ba, tana nan can kusa da ƙarshen hagu na rediyo inda mai gidan ya fara ajiye ta.

Ni ke gabatar da filin cigiya, kullum bayan sallar Azahar. Wanda ɗan'uwansa ya zo ci-rani aka daina jin ɗuriyarsa, wanda tsohuwarsa ta sauka a tashar Zuba ta rasa hanya, har mai ɓatan akuya, duk wurina suke zuwa. Ina da wata ɗabi'a ta yin gyaran murya sau biyu kafin in ce "To jama'a, a kasa kunne," har mutane suka mayar da abin tsokana, in na shiga kasuwa sai in ji ana gyaran murya a bayana.

Akwai wani abu da masu saurarenmu ke yi wanda duk wanda bai zauna da su ba ba zai sani ba. Rediyonsu irin 'yar ƙaramar nan ce mai batir da abin murɗawa a gefe, wadda in ka ɗan taɓa ta tashar ta gudu, ga yara da ƙiriniya, ga abokai masu murɗawa su nemi ƙwallo. To da zarar mutum ya samu muryarmu ta fito tangaran, sai ya ɗiga gam a kan abin murɗawar ya manne shi gaba ɗaya, an gama, shi da neman tasha har abada. Da yawansu ba su san lambar mitar ba ma, ba su kuma da bukatar sani. Ka kunna, mu ne.

Cikin masu irin wannan rediyon akwai Baba Gimba, wani tsohon manomin doya Bagbagyi a Sheda, wanda tsufa ya fara taɓa wa tunani. Sai ya fita da niyyar gona ya manta inda za shi, ya kama hanya ya yi ta tafiya, rediyonsa rataye a wuya da igiya, don ko wanka za shi sai an yi rigima kafin ya cire ta. 'Yarsa Rifkatu ce ta manne masa ita. Tsohon nan ya manta sunayen jikokinsa, wani lokaci har matarsa Mama Laraba yakan tambaya ko ita wace ce, amma duk abin da rediyo ta faɗa masa yana bi. Farkon ɓatansa da Mama Laraba ta zo wurina, ita ta koya min dabarar, ta ce kada in tsaya kwatanta wa mutane kamanninsa, da shi zan yi magana kai tsaye. Na kuwa kunna makirufo na ce, "Baba Gimba na Sheda, in kana jina, juyo gida, Mama Laraba ta sauke tuwo." Kafin Magariba sai ga shi ya shigo gida da ƙafarsa yana faɗa wai an kira shi a rediyo ba a bar shi ya gama aiki ba. Mun yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har abin ya zama kamar wasa tsakaninmu.

Ana nan sai mai gidan rediyon ya rasu, 'ya'yansa ko arba'in ba su bari an yi ba suka sayar da tashar ga wani mutumin Legas mai gidan rediyo a can bakin ruwa. Ma'aikata suka laƙaba masa Oga Teku, don ba ya iya jera magana uku bai ce "a can wurinmu bakin teku" ba, sai ka ce shi ya haƙa tekun. Mutum ne gajere mai tabarau baƙi ko a cikin ofis, ga turare kamar ya faɗa kwalba. Ranar da ya tara mu, ya kawo wasu samari biyu masu matsattsun wanduna da ya kira masana, suka haska mana zane-zane a bango na yadda za a kama matasa masu kuɗi, kuma a cikin su ukun babu wanda ya taɓa zama a benci ɗaya da mai sauraronmu. Aka soke Gbagyi, aka soke filin manoma, aka soke sanarwar rasuwa, wai tana kashe wa mutane nishaɗi, aka soke cigiya. Kiɗa daga safe har dare, da wasu yara masu magana ta hanci kamar mura ta kama su a jirgi. Ni kuma aka ce in zauna, ana bukatar muryata don tallan taliya da na katin waya da Hausa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da har yau ban yafe ba shi ne sauya mita. Kun san dalili? Tasharsa ta Legas tana da lambarta, kuma ya riga ya buga riguna da huluna da sitika masu wannan lambar, ɗaki guda, shi ne ya yi ta zarya wurin hukuma har aka ba shi lamba iri ɗaya a Abuja don kada kayansa su yi kwantai. Saboda huluna, jama'a. Na ce masa, oga, mutanenmu fa sun manne rediyonsu da gam, in muka tashi daga nan ba za su iya biyo mu ba. Ya yi dariya har da buga tebur, ya juya ya fassara wa masanansa su ma suka dara, sannan ya ce min wanda ba zai iya sayen sabuwar rediyo ba, me zai saya a cikin kayan da ake talla? Ranar wata Litinin aka murɗa na'ura, muka koma can dama, tsohuwar mitar ta zama ba ka jin komai sai shuuu.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi mai gadi ya hau ya ce wata tsohuwa tana nemana a ƙasa, an hana ta hawa don ƙafarta da laka kuma an sa sabon kafet. Na sauka na tarar da Mama Laraba tsugune a gindin bene, idanunta sun faɗa. Ta ce min da Hausarta irin ta mutanen nan mai mayar da namiji mace, "Ɗana, Baba ta fita tun shekaranjiya, ba ta dawo ba. Mun duba gona, mun duba rafi. Ka kira shi, kai kaɗai yake ji."

Na ce, "Mama, ai an ɗauke mu daga wurin da rediyonsa take. Ko na yi magana ba zai ji ba."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ce ai rediyon tana wuyansa, kuma ita da hannunta ta sa mata sabon batir ranar kasuwa. Na rasa yadda zan yi mata bayani, don a wurinta rediyo ɗaya ce a duniya, kuma ni ne a ciki.

Na koma sama na samu Oga Teku yana cin gasasshiyar kaza da cokali mai yatsu, na roƙe shi, wallahi har na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wani ba in ban da mahaifina. Na ce a mayar da na'urar kan tsohuwar mita na ɗan lokaci kaɗan, iya abin da zan faɗi jimla ɗaya, ran tsoho ne. Injiniyanmu yana wurin, ya ce abu ne mai yiwuwa amma lasisi ya hana. Oga ya goge baki ya ce, "Malam, no vex, ka yi haƙuri, nan ba ofishin 'yan sanda ba ne." Ya ƙara da cewa in na matsu in sa hoton tsohon a intanet, haka ake yi a can wurinsu. Tsohon da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Na sauka na raka Mama Laraba wurin 'yan sanda, muka leƙa asibiti, na sa ta a mota, na dawo ina tsine wa huluna a zuciyata.

Washegari ina wucewa ta wurin Sale mai faci, wani Bahaɗeje da ke da rumfa a bakin titinmu, sai ya ɗago daga kan tayar da yake dannawa a ruwa ya ce, "Malam, ashe kun dawo? Allah Ya saka da alheri, jiya na ji ka kana kiran tsohon nan na Sheda." Na ce wace jiya? Ya ce jiya bayan Azahar mana, lokacin da ka saba. Ya nuna min rediyonsa da ke rataye a ƙusa, baƙa ƙirin da man inji, gam ɗin ya bushe ya yi tudu a kan abin murɗawar. Ya ce tun da muka ɓace yake kunna ta in lokacin ya yi, don sabo, ya sha shuuu ɗinsa ya kashe, sai jiya ya ji ni. Na ɗauka zolaya ce, na ce to yau zan zo mu ji ni tare.

Na idar da sallah na zo na zauna a kan wata tsohuwar taya, rana tsaka, motoci na wucewa, mai rake na tura baro, babu wani abin tsoro ko kaɗan a wurin. Sale ya kunna. Shuuu, shuuu, har na fara yi masa dariya. Sai ƙarar ta ɗauke ɗif, aka yi gyaran murya sau biyu, aka ce, "To jama'a, a kasa kunne."

Innalillahi. Kowa ya san yadda muryarsa take a rediyo in dai aikinsa ne, kuma wannan tawa ce, har da ɗan kaucewar harshen da nake yi saboda haƙorina na gaba da ya gutsure. Na sa hannu na taɓa bakina, wallahi na taɓa, a rufe yake. Muryar ta ci gaba a natse, cikin fara'ar nan da nake yi wa tsofaffi: "Baba Gimba na Sheda, in kana jina, kada ka juyo. Ci gaba da tafiya, gida yana gaba." Ta maimaita, sannan shuuu ya dawo.

Na zaro wayata na nemo tsohuwar mitar, babu komai. Muka tsayar da wani direban tasi ya murɗa ta motarsa, babu komai. Amma mai gadin shagon tayil, wanda shi ma tasa a manne take, ya leƙo ya ce ya ji, har yana tambaya me ya sa yau na ce tsohon ya ci gaba.

Kashegari na ari rediyon Sale na hau da ita ofis daidai lokacin, na dire ta a kan teburin Oga Teku, na kira injiniya, na tsaya a gabansu na kama bakina da hannu. Muryar ta zo kamar jiya, kalma ɗaya ba ta canza ba. Na zuba ido in ga ko mutumin nan zai tuna da Allah. Ya cire tabarau, karo na farko da na ga ƙwayar idonsa, ya dube ni ya ce wa ya ba ni izinin amfani da tsohuwar mitarsu? Wai na haɗa baki da wasu na buɗe tashar sata ina janye masa masu sauraro, masu sauraron da ya ce ba sa sayen komai. Injiniya kuma, don kada a ce bai yi karatu ba, ya gyara tsayuwa ya ce wani lokaci iska kan ɗauko tasha daga nesa, har daga bakin teku, ta sauke ta a inda ba a zata ba. Na ce to a bakin tekun wa ya san Baba Gimba, kuma wa ya ara masa haƙorina? Ya ce ƙila tsohon shiri ne aka naɗa. Na ce ban taɓa cewa tsoho kada ya juyo gida ba tunda uwata ta haife ni. Ya ɗaga kafaɗa. Ɗaya daga cikin masu matsattsun wandunan har yana cewa a naɗi abin a saka a shirin safe, zai ja hankalin matasa. A ranar aka dakatar da ni daga aiki, ni kuma ban sake komawa ba.

Na shiga neman tsohon tare da Rifkatu da mazan ƙauyensu. A Tungan Maje muka samu wata mai gasa doya a bakin titi da ta ce ta ga wani tsoho da rediyo a wuya, ƙafafunsa sun kumbura, ta ba shi ruwa ya sha ya yi godiya sosai, ta ce ya zauna ya huta ya ce a'a, an ce masa gida yana gaba. Duk wanda ya san nisan Sheda da Tungan Maje ya san ba tafiyar tsoho ba ce. Daga nan ba mu sake samun wanda ya gan shi ba, ba a asibiti ba, ba a ɗakin ajiye gawa ba, ba a daji ba. Sale ya ce min bayan wasu kwanaki muryar ta daina zuwa, sai na ce to ko mene ne ya samu abin da yake so, ya tafi.

Ina zaune a ƙofar gidana wata ranar da rana sai ga Mama Laraba, Sale ne ya kwatanta mata gidan. Ta sha sabon zane, ta saɓo doya manya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, fuskarta wasai, rabon da in ga haƙoranta tun kafin a sayar da tashar. Ta sauke doyar a gabana ta ce tukwici ne. Na ce an gan shi ne? Ta ce, "Kai da ka faɗa kana tambayana? Jiya a rediyon maƙwabcinmu ka ce Baba ta isa lafiya, tana cigiyata, in kama hanya in same shi."

Na kama hannunta. Na ce, "Mama, na rantse da Allahn da ya halicce ni da ke, ba ni ba ne. Na bar aikin ma. Kada ki je ko'ina."

Ta yi dariya ta dafa kaina kamar yaro. Ta ce, "Ɗana, muryarka ne ban sani ba? Kai ka dawo min da shi sau nawa?"

Ban bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Na shiga mota da ita har Sheda, na damƙa ta a hannun Rifkatu, na tara maƙwabta na gaya musu abin da kunnena ya ji, na roƙe su su cire batir daga duk rediyon da aka manne, su sa ido a kan tsohuwar. Fastonsu ya yi addu'a, limamin unguwar ya yi tofi, wani dattijo kuma ya ce zai yanka kaza a gindin dutse, kowa dai ya yi abin da ya iya. Maƙwabcin ya fasa tasa a gabana da taɓarya. Amma rediyo nawa ne a Sheda, kuma nawa ne a hanyar rafi da hanyar kasuwa, a wuyan masu kiwo da rumfunan masu kanti? Duk hanyar dawowa ina lissafin wannan, ina kuma hango sitikar Oga Teku a bayan motoci.

Ba a rufe mako ba wayata ta yi ƙara bayan Azahar. Rifkatu ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce Mama ta ɗora tukunya ta ce za ta ɗebo itace a bayan gida, ba ta dawo ba, tukunyar har ta ƙone. Sannan ta ce, "Malam, don Allah ba faɗa zan yi ba. Ka gaya min kawai, ina ka ce mata ta je?"

Har yau ba a ga ko ɗankwalin uwar yarinyar nan ba.

Shawarata gare ku, musamman masu tsofaffi a gida: in tashar da suka saba ji ta tashi daga wurinta, ku raba su da rediyon a ranar, ko za su yi fushi da ku, kada ku bar ta tana shuuu a kunnensu. In kuma wata rana da rana tsaka kuka ji ƙarar ta ɗauke, wani ya kira sunan naku cikin fara'a ya ce ya kamo hanya, ku riƙe hannunsa da ƙarfi ku kashe ta. Ko da muryata kuka ji, na rantse muku ba ni ba ne.